Hayaƙin Laraba

Mu biyar ne, huɗu in ruwa ya cinye hanyar Mushin.
Mai otal a Ebute-Meta ya ba mu daren Laraba,
daren da ko karen unguwa ba ya fita yawo,
sai muka ɗauki sunan ranar muka rataya a wuya.

Okwudili ya dawo daga yaƙi da yatsu tara
da jita mai tsagaggen ciki.
Lasifikarsa ta taɓa kwana cikin ruwan sama,
tun ranar ba ta ƙara faɗin gaskiya ba:
ka ba ta sauti ɗaya,
ta mayar maka da amyar zuma da aka tsokana.
Wannan lalacewar ce duk jarinmu.

Akanni yakan aro ogan ɗin cocinsu
ba da sanin fasto ba.
Morenike ta zuba manja da ruwa a farantin gilashi,
ta haska tocila ta ƙasa,
bango ya yi ta haihuwar jajayen rana.
Na biyar ɗin, mai jita mai kauri, wallahi sunansa ya ɓace mini.
Doguwar riga ruwan goro dai nake tunawa.

Ni kuwa Jatau, ɗan mahautan Agege,
da na tashi da kalangu a hammata,
aka zaunar da ni bayan gangunan Turawa.
Hannuwa na bin umarni,
ƙafa tana komawa mahauta.

Waƙa ɗaya takan ci minti ashirin.
Masu rawa su gaji su zauna.
Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa fashewa da kuka,
har yau ban san ko mu ne ko kwalbarsa ba.

Faifai ɗaya muka yi, kwafi ɗari uku.
An sa shi sau ɗaya a rediyo,
mai gabatarwa ya nemi afuwar masu sauraro,
yana zaton injinsu ne ya samu matsala.

Wata goma sha huɗu.
Ko faɗa ba mu yi ba.
Fasto ya sa kwaɗo,
Akanni ya samu aiki a kwastan,
Okwudili ya ce bari ya leƙa Aba ya dawo.
Mai otal ya sayar wa 'yan caca da Larabar.

Nawa faifan ya shekara talatin a bakin taga,
rana ta lanƙwasa shi kamar ƙosai a mai.
Jiya jikata Talatuwa ta kai shi wurin mai gyaran rediyo a Oshodi.
Allura ta hau tudu, ta gangara kwari,
sauti ya yi ta tangaɗi, yana narkewa yana haɗuwa.

Ta toshe kunne tana dariya.
Na ce mata yi shiru, yarinya.
Wannan ne abin da muka yi wata goma sha huɗu muna nema.