Awon Dare a Karantina

Sai bayan lisha yake zuwa,
in Jidda ta rage huci,
masu gasa kifi sun fara yayyafa wa garwashi ruwa.
Farar jallabiya, silifa mai cin dunduniya,
leda a hammata: leshi ruwan goro, yadi shida daga Balad.
Na ja labule, na ƙara wa rediyo murya.

Da rana Sallau ne, mai kankare tukwane
a gidan abinci bayan Bab Makka.
Ran Alhamis kuwa, a bikin 'yar Hajiya Tabawa,
wata za ta fito fili, sunanta Lantana.
Ita zan auna. Shi ne a tsaye.

Miƙe sosai. Saki numfashin nan,
tef ba ya cin hanci.

Kafaɗa sha tara.
Shekara bakwai tana dakon buhu a tashar jiragen ruwa,
almakashi kuma ba ya rage ƙashi.
Sai dai in buɗe wuyan, in bar hannu ya zubo,
ido ya bi yadi ya manta da faɗi.

Ƙirji sau biyu ake yi masa.
Na fari yadda aka halicce shi, talatin da takwas.
Na biyu bayan ya cusa soso
da ya yanko daga tsohuwar katifa:
arba'in da biyu, na hagu ya ɗara na dama.
Dariya ta ƙwace mana, ya toshe baki da tafi,
don bangon katako ne, kuma maƙwabcina ba ya barci.

Ƙugu nemansa ake yi.
Karkata gefe. Nan inda jiki ya lanƙwashe,
ba can inda mazagi ke kwana ba.
Na bar yatsa biyu a ƙarƙashin tef
saboda shinkafar biki, saboda juyi.
Kwankwaso talatin da bakwai.
"Ƙara huɗu," in ji shi. "Kai, biyar."
Na ce auduga ta yi tsada bana.
Na rubuta biyar.

Tsawo ba ya aunuwa sai da takalmi.
Ya zaro su, masu ruwan zinare,
tsinin ɗaya an liƙe shi da gam.
Yana hawa, haɓa ta ɗaga,
wuyan hannu ya karye da kansa,
muryar da ta ce mini "Barau, yi a hankali"
ba ita ta yi sallama ɗazu ba.
Na durƙusa da fil a baki
na auna har idon sawu, inda zafin mai ya bar tabo.

A kwalin shayi nake rubutu, lamba zalla.
Ba Sallau, ba Lantana.
Duk wanda ya tsinta, ya ɗauka bashin riyal ne.
Awo nawa ne, hisabi ba nawa ba.

Ya sauka daga takalman, ya koma tsawonsa,
ya mai da soso cikin leda.
A bakin ƙofa ya tsaya:
"In yadin ya ragu, fitar mini da ɗankwali.
Akwai mai tafiya Ɗambatta ƙarshen wata,
Inna tana son ruwan goro."

Na shimfiɗa leshin, na sake lissafi.
In na rage wa Lantana jela,
tsohuwa za ta samu har da gyale.
Na ɗauki alli.