Tsaga

A Kurmin Mashi daɓen tsakar gidanmu ya tsage,
siririyar tsaga kamar zaren ɗinki,
har tururuwa sun mai da ita titi.

Na kwaɓa siminti zan shafe.
Barau birkila ya riƙe mini hannu:
"Ba haka ba. Fara faɗaɗa ta."

Ya sa kurfi da guduma,
ya buɗe bakinta sai da ta nuna cikinta,
ya share, ya yayyafa ruwa,
sannan ya cusa kwaɓi da cokalin gini.

"Wadda aka shafe ta sama,
damina ɗaya take jira."

Kwana bakwai ina ba ta ruwa.
Ran na takwas na haye gada zuwa Kakuri,
gidan yayana.
Shekara uku ke nan gaisuwarmu ta sama ce.