Takardar Haya

Ranar da muka sauka a Badarawa
da keken ɗinki ɗaure a bayan akori-kura,
Alhaji Mato ya miƙo min biro.
Na sa hannu, shi ya dangwala yatsa,
Bulus mai walda ya tsaya shaida:
shekara biyu cur, kuɗi a dunƙule,
ɗaki biyu, madafa, da rabon rijiya.

Ruwan farko ya tona asirin rufi.
Laraba ta jera bokiti, ta jera langa,
muka kwana zaune, kwano ya koma rariya.

An ce mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
To, wane ne mai ɗakin?
Mai takardar fili a cikin akwati,
ko ni da ɗigon ke faɗo wa a ƙeya?

Alhaji ya ce, "Gyara, ma cire a gaba."
Na sayo kwano, na sayo ƙusa,
kuɗin ɗinkin Sallah suka haye sama.
Rasit ɗin na ninke shi gida huɗu,
na binne a gwangwanin maɓallai
tare da takardar yarjejeniya.

Wata na tara aka zuba kwalta.
Layin da awaki ke kwana a kai
ya wayi gari da farashi.
Wani mai kemis ya zo da yamma,
bai ce mana sannu ba,
yana auna bangona da taku,
yana lissafi a zuciya.

Kashegari sai ga Sadau, ɗan aiken Alhaji,
hula a karkace, makulli na kaɗawa:
"Mako biyu, tela. Ko ka ninka kuɗi,
ko ka nemi hanya."

Na ce saura wata goma sha biyar.
Ya ce takarda ba ta gina gida.
Ran Talata suka yanke wuta,
ran Alhamis kwaɗo ya hau rijiya.

Ina taka keke a hasken aci-balbal,
kayan makarantar 'ya'yan mutane a gabana,
allura na tsalle, zare na tsinkewa.
Laraba na sayen ruwa a wajen 'yan garuwa,
da rijiya taku biyar daga ƙofarta.
Wannan, fiye da duhun, shi ya ban kunya.

Na buɗe gwangwani.
Maɓallai suka watse a tabarma,
ban tsaya tsinta ba sai da safiya.

A zauren mai unguwa aka baje ta.
'Yar Bulus, Saratu, da ke karatun lauya,
ta bi layi-layi da ɗan yatsa:
ba ƙari kafin wa'adi ya cika,
ba tashi sai da sanarwar wata shida,
gyaran rufi a wuyan mai gida.
Alhaji ya ce bai san da haka ba.
Mai unguwa ya ɗaga takardar sama:
"Wannan yatsan shuɗin na waye, Alhaji?"
Wani a bakin ƙofa ya danne dariya.

Ban yi murna ba, wallahi.
Dattijo ne, ya yi jika da ni,
har zakkar hatsi ya taɓa aiko mana.
Amma gida nasa ne, kwanakin nawa,
na saye su ɗaya bayan ɗaya.

An cire kwaɗo, wuta ta dawo.
Kuɗin kwano, an ce a bi shi a hankali;
har yau ina bi.
Sadau in ya gan ni sai ya duba waya.

Gwandar da Laraba ta dasa a bayan madafa
ta fara fure jiya.
Na ƙirga watannin da suka rage mana,
na ƙirga na nunarta.
Za mu sha biyu, ko uku in Allah ya so,
sauran na wanda zai zo baya.