Ɗakin Da Aka Ce A Taɓa

Shekara talatin Baba Agyekum yana gadin ɗakin nan,
magana ɗaya ce a bakinsa: kar a taɓa.
Ya faɗe ta da Turanci, ya faɗe ta da Tonanci,
in ya ga ɗan Zango
ya jefo ta da Hausarsa mai ɗingishi.

Ni kuwa sai aka kira ni in kawo allo,
na gilashi, mai wuta a ciki,
wanda ba ya numfashi sai an ɗora masa yatsa.

Wata uku na yi a ɗakin haya a Aboabo,
fanka na kuka, kwamfuta ta yi zafi kamar tandar masa,
ina zuba mata hotunan ma'aunan zinariya,
'yan mitsi-mitsin tagulla da ba su kai babban yatsa ba:
kada, kunama, mafarauci da bindigarsa,
da tsuntsun nan mai waiwayen baya.
Na tsara komai, na ji daɗin kaina.
Yaro ya taɓa kada, kada ya motsa,
ya karanta tarihinsa, ya amsa tambaya uku,
a ba shi tauraro.

Ranar Talata mota ta sauke su daga Asawase,
su arba'in da biyu, da malama mai bushasshiyar murya.
Ba wanda ya karanta.
Taurarina suka zauna kamar kayan da kasuwa ta ƙi.

Muntari ne ya gano ɓarakar.
Akwai kuskuren da na manta ban ɗinke ba:
in ka ja yatsa a gefen hagu, farin layi na biye da kai.
Ya ja, ya ja, ya yi wa mafarauci gemu.
Azumi ta ture shi da kafaɗa,
ta ɗora wa tsuntsu kwandon goron kakarta a ka,
ta ce ai shi ya sa yake waiwaye,
wani ne bai biya ba.
Kwabena ya zana motar haya, ya cusa kada a kujerar gaba,
ɗaki ya ɗauka: Kejetia! Kejetia! Saura mutum ɗaya!

Na tsaya da takardar tsarina a hannu,
kunya na cin bayan wuyana.
Na gina ƙofa da katako mai kyau,
su kuwa ta tsagar bango suka shigo.

Daren nan na cire tambayoyin duka uku.
Kuskuren na bar shi, har na ƙara masa faɗi,
na ba shi launi:
jan goro, shuɗin baba, ruwan ɗorawa,
da baƙin ƙasan tukunya.
Na sauko da allon daidai ƙirjin ɗan shekara shida.
Tarihin na ɓoye shi a cikin kada,
sai wanda ya yi masa cakulkuli zai ji.

Yanzu gilashin kullum da maiƙon ƙosai,
ina goge shi da yamma, ba na ƙorafi.

Jiya na manta makullina, na dawo bayan an tashi.
An kashe fitilu, allon kaɗai ke haske.
Baba Agyekum na durƙushe, hularsa a ƙasa,
yatsansa na rawa a bayan kunama,
wadda ya tsare shekara talatin bai san santsinta ba.
Ta ɗaga wutsiya, ya janye hannu da sauri,
ya yi dariya shi kaɗai.

Da ya gan ni bai miƙe ba.
Ya ce, yarinya, ina jan nan yake?
Ina so in yi mata takalmi.