Tokar Murhun Eduvina

Ruwan sama a tsibirin Lemuy ba ya sallama,
kwana tara ke nan yana dukan rufin katako.
Ni Ruperto, da na ƙarar da ƙuruciyata a kan teku,
na san ƙullin igiya iri goma sha biyu,
na san inda kifi ke kwana,
amma ban san abin da ke damun kaza ba.

Goma sha ɗaya ta bar mini, da zakara mai karkataccen zanko.
Ba ta bar wasiyya ba,
sai gwangwanin awon hatsi
da takalmin roba a bakin ƙofa, wanda har yau ban kawar ba.

Wata biyu da binne ta
suka daina shiga akurki.
Rana na faɗuwa sai su haye itacen tuffa,
su takure cikin ruwa kamar tsumma a kan shinge.
Ƙwai ya ɗauke. Jan zanko ya koɗe.
Na ce makoki suke yi.
Har na ji sanyi a raina, Allah ya sani,
da na sami abokan kuka masu fuka-fuki.

Clorinda ta gangaro daga gonar dankalinta,
mayafin ulu a ka, ta saurare ni har na kai aya.
Ta ce, "Kaza ba ta takaba, Ruperto.
Bari dare ya raba, ka ɗauki farin ƙyalle,
ka shafa ƙarƙashin sandar da suke kwana."

Na shafa.
Na haska tocila.
Jini, layi-layi, kamar an ja da bakin allura.
A tsagar katako kuwa ga su nan,
jajaye, ba su kai ƙwayar gishiri ba,
ƙumar kaji, runduna guda,
su wuni a ɓoye, su kwana suna sha.
Ashe ba kewarta ce ta kore su ba,
rashin hannunta ne.
Duk Asabar takan shiga nan da guga,
ni ina ɗinkin raga, ban taɓa ɗaga kai ba.

Da gari ya waye na kwashe ciyawar shimfiɗa na cinna mata wuta,
hayaƙi ya rarrafa ya kwanta a bakin gaɓa.
Na ɓamɓare sanduna na babbake,
na tafasa ruwa tukunya huɗu,
na dama farar ƙasa na bi tsaga-tsaga
har gwiwata ta soma ƙara kamar tsohon kwalekwale.
Pancha, baƙar nan marar wutsiya,
ƙafarta ta yi kirci.
Na matse ta a hammata ina shafa mata kitse,
ta sakar mini baki a babban yatsa.
Ci ki goge baki, haka danginku suke.

Saura toka, in ji Clorinda, su yi birgima a ciki.

Murhun ƙarfen ɗakin girki ban buɗe shi ba tun ranar.
A kan ɗan risho nake dafa shayina.
Tokar wutarta ta ƙarshe na nan ciki,
wadda ta gasa gurasar dankali a kai
tana faɗan na shigo da laka.
Na daɗe a durƙushe, faranti a hannu.
Sannan na kwasa.

Tsohuwar tayar mota, ƙarƙashin rumfa,
toka da busasshen yashi.
Pancha ce ta fara shiga.
Ta tona, ta kishingiɗa, ta baza fiffike,
ta watsa mini Eduvina a ƙafar wando.
Na yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari.

Kwana goma sha shida bayan nan,
a kusurwar sabuwar ciyawa,
ƙwai ɗaya, shuɗi-shuɗi,
launin teku in iska ta kwanta,
da sauran ɗuminsa.
Na tsaya riƙe da shi, ruwa na bin wuyana,
na juya wajen taga zan yi kira.

Sai na saka shi a aljihu,
na ɗauki guga.
Yau Asabar.