Kujerar Da Ba Ta Son Zama

Shekara goma sha bakwai ina biron tiranzit,
ina ƙidayar buhunan da ban taɓa ɗagawa ba.
Aya mai fita, shinkafa mai shigowa daga Kwatano,
ƴan dako su sauke, su karɓi nasu, su miƙe,
ni da ke zaune, ni nauyin ya tarar a baya.

Likita ya ɗaga hoton ƙashina wajen taga,
ya ce, Madam Barira, dubi biyun nan,
sun matse juna kamar fasinjan motar Jibiya.

Sai ga Alhaji Tukur ya dawo daga fatauci
da kwali huɗu, kowanne da hoton mai murmushi.
Kujera ce, in ji shi, amma ba ta barci ba,
gindinta lilo, bayanta mai gardama,
ka jingina ta ture ka,
ka karkata ta bi ka ta dawo da kai,
ƙugu na aiki hannu na rubutu,
wai nan aka binne maganin gajiya.

Ilu falanto ya fara hawa, da kofin shayi.
Ta kai shi gabas, ta kai shi yamma,
takardun duwan suka sha rabonsu da sukari,
na cusa mayafi a baki don dariya.

Ni ma kwana uku bakwai ɗina a karkace,
hatimi na sauka inda bai kamata ba.
Na ce wannan ba kujera ba ce, jaki ne
da bai saba da mangala ba,
ya ƙi tsayawa, ya ƙi tafiya.

A mako na uku ƙuguna ya gane wani abu
tun kafin kaina ya gane.
Wannan gaba da baya, na san shi,
dutsen niƙan Inna Tsahara ne a Tibiri.
Wannan juyin hagu da dama,
ita ce dai, da guga, a bakin rijiya.

Ran Lahadi na je na ba ta labari.
Ta haura tamanin, tana duƙe tana shara,
bayanta shimfiɗe kamar faifai.
Nawa? Na ce jika ɗari da hamsin.
Ta miƙe ba ta dafa komai ba.
Kuɗin ɗan maraƙi, don abin da ya ƙi riƙe ki?
Ga turmi can, ga taɓarya, kyauta.
Sannan ta miƙo mini tsintsiya.

Ban karɓa ba, Inna, ina da rasit ɗari a jaka,
kuma ke kika ce in yi lakwal kar in yi daka.
Ta ce haka ne. Muka yi shiru,
kowa da guntun tata gaskiya.

Da damina ta Ilu ta karye.
Na-Allah mai walda a Sabon Gari ya buɗe cikinta,
ya daɗe yana kallo, ya ce, au, shi ke nan?
Ya sa mata ƙarfen lilon tsohon kabu-kabu.
Yanzu teloli shida a babbar kasuwa
na taka keke suna rausaya a kan irinta,
jika tara, har da fenti, ba ciniki, ba jayayya.

In kuran ya ɗauke, fanka ta yi shiru,
sai ka ji mu huɗu, ƙii, ƙii, cikin zufa,
kamar masu ban ruwa a gaɓar Gulbi
ba lambu, ba albasa, sai lissafin dukiya.

Ban warke ba, kar in yi ƙarya.
Da asuba har yanzu sai na lallaɓa.
Amma jiya da magariba na yi ruku'u,
na ɗago,
sai da na kai sujada na tuna
ban nemi bango ba da hannu ko sau ɗaya.