Duwatsun da Ba Mai Jera Su

A Braga, bayan an tashi daga aiki,
Ilda ta ɗiga ɗigo guda kan gilashi,
ruwa fari-fari kamar na wankin shinkafa,
ta ja wa mahaifinta kujera gaban madubin ƙara girma.

Amândio ya cire hula, ya kanne ido ɗaya.
Shekara arba'in yana durƙushe a titunan Porto
da 'yar guduma, yana dasa dutse gefen dutse,
har gwiwoyinsa suka daina gaisawa da matakala.

Ga su nan, dubu bisa dubu,
kowanne fuska shida, kusurwa takwas,
'ya'yan ludo marasa ɗigo.
Saba'in za su jeru a kaurin gashi guda.
Ba sa zama. Makyarkyata suke,
ruwa na zungurar su ta ko'ina,
wannan ya bangaji wancan ya wuce ba sannu.

Ya ce, ina shugaban aiki?
Ta ce, babu.
Ya ce, to wa ya ja igiya?
Ta ce, jira dai, Baba, ɗigon na bushewa.

Bakin ruwa ya janyo, fili ya ƙuntata.
Mai yawo ya rasa wurin yawo.
Fuska ta sami fuska ta kwanta,
don a haka kowa ke samun ɗan sararin motsi.
Biyu, huɗu, sahu,
sahu ya jingina da sahu,
daɓe ya shimfiɗu, wani ya hau bisansa,
ba guduma, ba yashi, ba ciwon baya.

Tsoho ya yi shiru har injin sanyi ya gaji da kuka.
Can ya ɗaga yatsa mai kanta:
layin nan ya karkace.
Ta ce, kusurwoyinsu sun ɗan dakushe,
shi ya sa sahu ke zamewa.
Ga kuma rami, ya ce, an bar gurbin mutum ɗaya.
Ta ce, wata shida ke nan ina yaƙi da shi.

Ya yi dariya har da tari.
Bar shi, 'yata.
Ni da gangan nake barin nawa,
ta nan ruwan sama ke komawa gida.

Suka fito, ana yayyafi.
A bakin ƙofa ya tsaya,
ya danna wani dutse mai girgiɗi da diddige,
sannan ya kama hannunta.